Wutar Gumi a Gidan Jatau

Malam Jatau mutum ne da ba ya rasa abin damuwa. In damina ta yi kyau, ambaliya yake tsoro. In aka saki ruwan madatsar Bakolori ya dasa shinkafar rani, tsuntsu yake tsoro tun shuka ba ta fitar da kai ba. Abokan nomansa a Talata Mafara sukan ce ko rumbun Jatau ya cika har baki, da tunanin ɓera zai kwana. Amma tun ranar da aka ce 'yarsa Hindatu na da ciwon daji a nono, duk waɗancan suka koma wasan yara.

Hindatu ce 'yarsa ta fari, don haka bakinsa bai taɓa furta sunanta ba. "Ke" yake ce mata, in zancenta ya taso a waje kuma ya ce "yarinyar nan", ko da yake yanzu matar aure ce har da ɗa. Aurenta na Damaga ta ƙasar Maradun, gidan wani manomi mai sanyin hali da ake kira Imrana. Da ciwon ya tabbata, ta bar yaron wajen kakarsa ta dawo gidan ubanta jinya, saboda daga Mafara an fi samun motar Sakkwato, inda babban asibitin yake. Uwarta ta rasu bara waccan. Gidan ya rage daga Jatau sai tukwanen gumin shinkafa da marigayiyar ta bari a kife bayan ɗaki.

Tun farko wan Jatau, Gajere, wanda yake wanzanci a Bakura, ya ja masa kunne.

"Daji ba shi son ƙarhe," in ji shi. "Allura ko aska, duk wadda tat taɓa shi ta tashe shi, sai shi bi jiki kamar wuta cikin kara. Ni da nika aiki da aska kullum, ban taɓa kai ta kusa da shi ba."

Wannan magana ba ta Gajere kaɗai ba ce, kowa a ƙasar da ita ya tashi. Jatau ma rabin zuciyarsa ya yarda da ita. Sai dai Hindatu ta ce asibiti take so, shi kuma ya kasa ce mata a'a. Ya sayar da bijimin nomansa ya kai ta.

Maganin da ake ɗura mata ta jijiyar hannu ja ne kamar zoɓo. Ɗan abin da Jatau ya sani a kansa daga bakin Imrana ya ji: wai magani ne mai ƙarfi da aka naɗe cikin wasu ƙananan ƙwayoyin maiƙo da ido ba ya gani, su bi jini su je su taru inda ciwon yake. Bai ji daga bakin likita ba, don bai taɓa shiga ɗakinta ba. Ta yaya uba zai zauna ana zancen nonon 'yarsa ta fari? Duk zuwa a bencin baranda yake ƙarewa, yana jan carbi yana kallon ƙafafun masu wucewa.

Bayan ɗurin farko 'yan dubiya suka cika gida. Mata su shigo su zauna gefen tabarma, su kalli Hindatu su girgiza kai. Wata har ta share hawaye ta nemi gafara, kamar wadda ta zo sallama. Hindatu ta jure iya juriyarta. Wata rana Jatau ya dawo daga gona ya hango hayaƙi na tashi daga tsakar gidansa, ya shigo da gudu, ya tarar ta tayar da tukwanen uwarta.

Gumi aiki ne na wuta da tururi. A jiƙa shinkafa mai ɓawo cikin ruwan zafi, a turara ta a rabin duro har ɓawon ya tsage, a kwashe ta da zafinta a baza kan tamfol a rana, a yi ta juya ta da tafin hannu da na ƙafa har ta bushe, sannan a kai inji. Da hayaƙin ya ci gaba da tashi kullum, sai masu hawaye suka ɗauke ƙafa, masu kawo shinkafa suka maye gurbinsu. A unguwa aka fara cewa ashe jikin da sauƙi, tun da har gumi take yi. Jatau ya ji daɗi. Shi da ke tsoron komai, wannan kaɗai ne bai ji tsoronsa ba.

An yi ɗuri na biyu, an shiga na uku, sai ran nan ta kawo masa tuwo ta riƙo kwanon da bakin mayafi, ta dire shi da sauri kamar garwashi.

"Ke, mi yas sami hannunki?"

"Ba komi, Baba."

"Buɗe in gani."

Ta buɗe. Tafukan sun yi ja wur, sun kumbura, fata na saɓulewa a gindin yatsu. Ya dubi ƙasa ya ga a gefen ƙafa take tsaye, ba ta iya taka tafin. Maganar Gajere ta dawo masa kamar yanzu ake faɗarta, tuwon kuma bai ciyu ba.

Ranar Talata Gajere ya zo kasuwa ya biyo gidan da zabirarsa a kafaɗa. Imrana ma ya zo a kan babur. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da mai jiki, aka sake tambaya. Sannan Gajere ya ce a kira ta ya ga hannun. Ya duba bai taɓa ba, ya ja dogon numfashi.

"Na hwaɗa maka, Jatau. Daga ƙirji ya sauko hannu, ya sauko ƙahwa. Gobe ina za shi? Akwai tsohuwa a Dakko, ganye taka ɗaurawa, ba ta sa ƙarhe. In kasuwa ta zagayo ni zo da mota in kai ta. Allura kuma an gama."

Imrana ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. "Innata ma haka tac ce, Baba. Ta ce in ba a daina allurar ga ba, in ɗauko matata."

Hindatu na durƙushe a bakin ƙofa. Kowa ya zaci tashi za ta yi ta ba su wuri, sai aka ji muryarta.

"Baffa, ƙarin nan a jikina shike, ni ka taɓa shi kowace sahiya. Da kamar goruba shike don tauri. Yanzu ya yi laushi, ya ja baya."

"Ke!" Gajere ya daka mata tsawa. "Gaban ubanki kika wagga magana?"

"Gaban ubana ciwon yak kama ni, Baffa, bai ji kunyatai ba. Dakko ba ni zuwa. In an ɗaure ni an kai ni, in kwance ganyen in ba awaki."

Gajere ya juya ga ƙanensa. "Kai a uba ko ita?"

Jatau bai taɓa musu da wansa ba. Gajere ne ya riƙe shi da ubansu ya rasu, shi ya yi masa aure. Ya dubi hannun 'yarsa, ya dubi zabira, ya ce a bari ya yi tunani. Gajere ya ɗauki wannan a matsayin amincewa, ya miƙe ya tafi.

Ranar komawa asibiti ta riga Talata zuwa. Jatau bai ce mata ta shirya ba, bai kuma ce kada ta shirya ba. Da ya dawo daga masallaci da sassafe ya tarar ɗakinta a buɗe, babu kowa. Ya fito ya bi hanyar tasha, can ya hango ta tana tafiya a gefen ƙafa kamar mai tsallaka ƙaya, jakarta a rataye a gwiwar hannu don yatsun ba sa iya riƙo. Ta ji takunsa, ba ta waiwayo ba. Ya cim mata, ya zare jakar daga hannunta ya rataya. Tare suka ƙarasa tasha suka shiga mota.

A asibiti ya nufi bencinsa na kullum. Bai daɗe da zama ba wata nas ta leƙo.

"Wa ya kawo Hindatu? Likita na kira."

"Ni ne. Amma ko daga nan ina ji."

"Cewa ta yi ka shigo, Baba."

Ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci, nas ta ce ya mayar. Likita Surayya mace ce da ba ta girmi Hindatu da yawa ba, tana riƙe da hannun Hindatu tana juya shi a hankali. Jatau ya zauna a bakin kujera, idonsa a kan siminti.

"Baba, wane aiki take yi a gida? Ita ta ce ba ta komai."

Ya ji idon 'yarsa a kansa. Ya ce, "Gumi takan yi."

"Gumi!" Likita ta saki hannun. "Da tururi da juya shinkafa a rana? Hindatu, haka muka yi da ke?"

Hindatu ta kau da kai.

"Baba, saurara da kyau. Wannan ba dajin ne ya sauko ba, maganin ne. Ƙwayoyin da aka naɗe shi a ciki ƙanana ne ƙwarai, ƙurar gari ma dutse ce a kansu. Sukan daɗe suna yawo cikin jini. Jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin suna da 'yan kafofi, shi ya sa suka fi zuba can. Amma ba su da ido. Inda aka sa zafi da gurza, kamar tafin hannu da na ƙafa, nan ma sukan taru su ɓata fata. Wasu kan samu ko ba su yi aikin komai ba, sai dai wuta da tururi na ƙara shi sosai. Tun ranar farko na gaya mata."

Jatau ya tambaye ta yana kallon bango, "An hwaɗa miki?"

"An hwaɗa," in ji Hindatu.

Nan ya gane cewa da ya shigo ɗakin nan tun ranar farko, da ya ji da kunnensa.

Likita ta ce, "Yau ba zan ɗura ba, sai hannun ya huce. Ƙarin ya fara raguwa, na auna. Ban ce an gama ba, da sauran tafiya, wataƙila har da tiyata a gaba. Amma in ta dawo mini da hannu haka, dole in dakatar da wannan maganin. Shi kuma na zaɓa mata ne don tun haihuwarta zuciyarta ba ta da ƙarfin ɗaukar wanda aka saba bayarwa."

"Likita," in ji Hindatu, "kin san abin da za a yi in wutar nan ta mutu? Su dawo su zagaye ni suna neman gahwara. Ni ba gawa ba ce. Hayaƙin nan shi ka hwaɗa ma unguwa ina raye."

"To ki zaɓa, hayaƙi ko magani."



Tun daga Sakkwato har Mafara Jatau na juya maganar. Ya yi tunanin roƙon wata maƙwabciya ta karɓi aikin, sai ya tuna gidanta za ta kwashe shinkafar, hayaƙin ya koma can. Wadda za ta zo ta yi a gidansa kuma da hawayenta za ta zo. Har suka sauka bai samo wata mace ba.

Washegari Hindatu ta fito ta tarar da ubanta ya tuɓe riga daga shi sai singileti, ya naɗe ƙafar wando, yana cusa kara ƙarƙashin duro.

"Baba, mi kaka yi?"

"Ke, zamna can." Ya nuna mata gindin darbejiya, inda ya ajiye kujera da kwanon ruwan randa mai sanyi, kamar yadda likita ta ce. "Sa hannu ciki. Bakinki dai lahiya lau shike, ko? To hwaɗa min abin da akai."

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta je ta zauna, ta tsoma hannuwa.

Tukunyar farko ta ƙone ƙurmus. Ta biyu ya sauke ta ɓawo bai tsage ba. Hindatu kuwa ta samu mulki. "Baba, rage wuta! Gumi akai, ba gashin masara ba. Ruhe da buhu, tururi na hita. A'a, ba wannan buhun ba, jiƙaƙƙen!" Hayaƙi ya cika masa ido, tururi ya dafa masa yatsu, shinkafa mai zafi ta sa shi rawar da bai taɓa yi ba ko a bikinsa. Matan da suka kawo shinkafa suka tsaya a bakin zaure suka toshe baki da mayafi. Wata tsohuwa mai wasa da shi ta ce, "Sannu da aiki, uwargida. In an gama a kama min kitso." Kafin la'asar labari ya kai tasha, kafin magariba ya kai majalisar ƙofar masallaci. Jatau ya ji duk abin da ake cewa, ya kuma damu, don damuwa halinsa ce. Amma kullum da hantsi hayaƙi na tashi daga gidansa.

Da Talata ta zagayo, mota ta tsaya a ƙofar gida. Gajere ya yi sallama ya shigo, Imrana na biye. Suka tarar da Jatau a duƙe bakin duro yana kwasar shinkafa da ƙwarya, zufa na tsiyaya daga gemunsa.

"Inna lillahi! Jatau, kai na bakin tukunya? Ashe gaskiya anka hwaɗa min a kasuwa. Mi yar rage, ɗaurin ƙirji?"

"In aikin ya nema, Yaya, sai in ɗaura. Sannu da zuwa. An zo lahiya?"

"Bar gaisuwar nan. Hito da yarinya, mota na jira."

Jatau ya ajiye ƙwarya. Ya matso ya buɗe wa wansa tafukansa, sun yi ja, duk bororo.

"Yaya, kai a masanin hwata. Allura ta taɓa ni?"

Gajere ya duba da idon sana'a. "Wannan ƙunar aiki ce. Nata daban."

"Daban ne, likita ma ta ce maganin ne. Amma wuta ka hura shi. Duba nata yanzu da tab bar wuta."

Hindatu ta fito da hannuwa daga ruwa ta miƙa. Kumburin ya saɓe, jan ya dushe, sabuwar fata ta fara fitowa inda tsohuwar ta saɓule. Gajere ya daɗe yana kallo.

"Daji shina kwantawa shi tashi," in ji shi. "Na ga irin haka. Ranar da yat tashi, kada ka aiko Bakura."

"Ni aiko, Yaya, kai a babba. Ko ni tsoron nan bai bar ni ba. Amma Hindatu ba ta zuwa Dakko."

Gajere ya dubi ƙanensa kamar bai san shi ba. Hindatu ta sunkuyar da kai ta mayar da hannuwa cikin ruwa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Shi kansa Jatau sai da ya ji sunan ya yi masa baƙo a baki, amma bai janye ba, ya sake faɗa.

"Hindatu asibiti za ta koma. Ni ka kai ta."

Gajere ya gyara zabira a kafaɗa ya juya ya fita, ba sallama. Aka ji mota ta tashi.

Imrana ya rage a tsaye tsakar gida, bai bi ba, bai zauna ba. "To ni mi za ni ce ma Inna?"

Hindatu ta ɗago, idonta ya yi ja. "Ka ce ina gaisuwa, a shahwa min kan yaro. Malam, in ɗaukata kaz zo yi, ga hanya can Baffa ya bi. In dubiya kaz zo, ga shinkahwa kan tamfol tana son juyi."

Imrana ya dubi ƙofa, ya dubi tamfol. Ya cire takalmi ya taka shinkafar, ya yi tsalle ya dawo baya yana salati.

"Da sauri akai," in ji Jatau. "In ka tsaya tunani ta dahe ka."

Da hannun ya warke suka koma Sakkwato, suka bar wa Imrana tukunya a kan wuta. Nas ta kira sunan Hindatu, ta miƙe, sai ta ga ubanta ma ya miƙe. Bai jira a kira shi ba, ya bi ta ciki.

Likita Surayya ta juya tafukan Hindatu, ta duba ƙafafu, ta gyaɗa kai ta ce a haɗa magani. Sai idonta ya kai kan hannun Jatau.

"Baba, naka kuma fa?"

"Wanga ba na allura ba ne, Likita."

Aka kwantar da Hindatu, nas ta ɗaure mata dantse ta fito da allura. Jatau ya ga ƙyallin ƙarfen, maganar da ya taso da ita tun yana yaro ta sake yi masa raɗa a kunne. Ya damƙe carbi, bai kau da ido ba, har allurar ta shiga, har jan ruwan ya fara gangarowa ta cikin siririyar robar.

"Baba, kana tsoro?" in ji Hindatu.

"Ina tsoro."

"Na allura?"

"Har da ita." Ya gyara zama a bakin gadon. "Amma tukunyar da munka bar ma mijinki ta hi damuna. Kin dai hwaɗa mai shi jiƙa buhun?"